Yatsan Baba Kumfa

Baba Kumfa ya fara wanki tun gemunsa bai tsiro ba, yanzu kuwa gemun ya yi fari fat kamar shi ma an tsoma shi a bilic. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma ba mai kiransa da shi sai matarsa, ita ma sai ranta ya ɓaci. Shagonsa ɗaki ne guda a bakin titi, da ɗan fili a baya inda ya jera bahuna, ga famfo mai kawo ruwa in ya ga dama, ga dogon benci da yake murza wuyan riga a kai, ga igiyoyin shanya daga katanga zuwa sandar wuta. Ba ya yarda da buroshi sai a kan wandon makanike. Tabo, a wurinsa, da babban yatsa ake bin sa, a danna, a murza, a lallaba har ya haƙura ya fita.

Guga kuwa aikin matarsa ne. Tun tana amarya take tsaye a gaban tebur da dutsen guga na gawayi, amma in an tambayi Baba Kumfa sai ya ce shagon nasa ne, ita tana ɗan taimakawa. Ita kuwa ba ta taɓa musa ba, domin ba ta da lokaci.

A jikin ƙofar shagon akwai lambar waya da jan fenti. Autansu ne ya rubuta ta, shi ne kuma ya sayo layin a hannun wani mai laima a bakin kasuwa, a zamanin da ake sayar da layi kamar ashana, ba a tambayar ko sunanka. Auta yaro ne mai dabara, dabarar ce ma ta raba shi da gida. Wata rana ya kawo shawarar a sayi injin wanki. Baba Kumfa ya ce inji na raggwaye ne, wanda kuma yake ƙyamar jiƙa hannunsa ba shi da gurbi a gidan nan. Ya faɗa ne irin faɗar da uba yake yi ya manta kafin la'asar. Auta bai manta ba. Ya tattara kayansa ya tafi neman aiki can wata ƙasa. Da farko yakan kira ya ce a ba shi uwarsa, daga baya kiran ya ɗauke, lambarsa ma ta daina shiga.

Bayan tafiyarsa hukuma ta rushe tsohon layin shagunansu domin faɗaɗa titi, gidan hayarsu ma ya bi. Suka koma wani gefen gari. Baba Kumfa bai tsira da komai daga tsohon shagon ba sai ƙofar, wadda ya ciro da hannunsa ya ɗora a kan amalanke. Wato in Auta ya waiwayo yau, ba gida, ba shago, ba maƙwabci ko ɗaya da zai nuna masa hanya. Abin da ya rage tsakaninsu lambar nan ce kawai. Baba Kumfa bai taɓa faɗin haka ba. Cewa yake saboda masu kawo wanki ne wayar ba ta barin aljihun ƙirjinsa, saboda su ne kuma ba ya yarda cajinta ya sauka.

Ana nan sai gwamnati ta tuna da talakawa. Aka yi sanarwa cewa domin tsaron ƙasa da kare haƙƙin kowane ɗan ƙasa, dole a haɗa kowane layi da zanen yatsan mai shi. Layin da bai yi rajista ba zuwa ƙarshen wata za a rufe shi, a ba wani lambar. An yi imani da cewa ɓarayi da masu damfara, da jin wannan, za su zo su bi layi da yatsunsu na gaskiya.

Baba Kumfa ya saka farar rigarsa ta fita kunya ya tafi ofishin kamfanin waya. Wuri ne mai sanyi, da kujeru a jere, da hotunan mutane suna dariya da waya a kunne, da alama su tasu rajistar ta yiwu. Da aka zo kansa, ma'aikaciyar ta gaishe shi da ladabi, ta nuna masa wani ɗan gilashi mai haske ta ce ya ɗora babban yatsa. Ya ɗora. Na'urar ta yi ja. Ta ce ya goge a rigarsa, ya hura masa iska, ya shafa a goshi. Ja. Aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya kamar ana kiran suna a aji, ba wanda ya amsa. Ruwa da sabulu da bilic sun daɗe da cinye zanen, tafin hannunsa ya zama sumul kamar bayan cokali.

"Baba, na'ura ta ce ba kowa a nan," in ji ta.

"Ga ni kuwa, 'yata."

Ta yarda cewa ga shi. Ita ma tana ganinsa. Sai dai ganinta ba ya cikin tsarin. Ya ce zai kawo kafintan da ke maƙwabtaka da shi ya shaida, zai kawo duk wanda ya taɓa kiran lambar ya ji muryarsa. Ta bayyana masa a hankali cewa kamfani yana mutunta sirrinsa matuƙa, shi ya sa ba zai tattauna batun layinsa da mutumin da ba a tabbatar shi ne shi ba. Dokar kuma ba tasu ba ce, ta gwamnati ce, su bi kawai suke yi. Ta rubuta masa kwatancen ofishin hukumar rajista.

A can ya tarar da jami'i mai fara'a, wanda ya tabbatar masa cewa dokar tasu ce, amma na'urar ta kamfani ce. Gwamnati kuma ba ta manta da kowa ba, an yi tanadi na musamman ga waɗanda suka rasa yatsu, su shaidar likita kawai za su kawo. Ya ce Baba ya buɗe hannuwansa. Ya ƙirga, ya tarar sun cika cif, ya girgiza kai da tausayi, kamar mai cewa da an samu ragi da aiki ya zo da sauƙi. A ƙarshe ya ba shi shawara ta kansa, ba ta ofis ba: ya raba hannunsa da ruwa, ya riƙa shafa mai, zanen yakan dawo.

Da ya koma ya ba matarsa labari, ba ta ɗaga kai daga guga ba. Ta ce ai layin bai taɓa rajista da sunan kowa ba, ta ji mata suna cewa duk wanda ya je da katin ya ɗora yatsa, nasa ne. Nata yatsan kuwa lafiyarsa ƙalau, dutsen guga ƙuna yake yi, ba ya shafe zane. Su je ta ɗora a huta. Baba Kumfa ya dube ta kamar ta ce a sayi injin wanki.

"Uwar Auta, layin da na riƙe tun kafin ki san inda ake dannawa? Gobe kuma ki ce shagon ma naki ne."

Ta juya rigar da ke gabanta ta ci gaba da guge hannun.

Haka Baba Kumfa ya samu hutun farko a rayuwarsa, kyautar gwamnati, ba albashi. Kowace safiya sai ya saka farar rigar nan, tunda wanda ba ya aiki dole ya yi kama da babban mutum, ya zauna a benci a ƙofar shago, babban yatsansa na dama ya sha man shafawa, ya ɗaga shi sama kada ya taɓa komai. Masu wucewa suka ɗauka yaba musu yake yi, wasu har suna mayar masa. Kafinta kuwa ya samu abin yi. In ya buɗe shago sai ya tsallako ya gaida yatsan tukuna, ya tambaye shi ya ƙarfin jiki, ko ya samu barci, sannan in ya tuna ya gaida mai shi.

Wankin ya koma kan Uwar Auta, ta haɗa da gugarta. Ta sayo safar hannu ta roba, abin da Baba Kumfa ya shafe shekaru yana cewa na masu tsoron aiki ne. Yana zaune yana ba da umarni ta taga: ba a haka ake ɗauraya ba, shuɗin ya yi yawa, wannan wuyan bai fita ba. Masu kaya suka zo suka karɓa suka ce wanki ya yi kyau kamar kullum. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Wayar kuwa ba ta taɓa yin ƙara kamar a watan nan ba. Da ta motsa sai ya manta da jinya, ya cusa hannu a aljihu da sauri, musamman in baƙuwar lamba ce. Kamfani ne. Suna tuna masa cewa suna ƙaunarsa, kuma za su rufe layinsa.

Zanen ya fara dawowa kuwa, siriri kamar sawun tururuwa. Kafinta ya saka tabarau ya duba a rana, ya shafa masa baƙin gawayi ya danna a bango, suka tsaya suna kallon ɗan da'irar kamar an haifi jariri. Baba Kumfa ya yanke shawarar ba zai je ba sai ranar ƙarshe, domin zanen ya ƙara nuna.

Ranar ta zo. Uwar Auta ta fita da sassafe sayen gawayi. Baba Kumfa ya ɗauko farar rigar daga ƙusa, ya ɗaga ta a hasken ƙofa kamar yadda yake yi wa rigar kowa, sai ga shi: a bakin aljihun ƙirji, tabon mai, rawaya, faɗin babban yatsa, inda hannunsa ya yi ta shiga yana fita. Matarsa ta wanke rigar, amma da safar roba ba a jin tabo. Da wani mutum ne, da ya saka abarsa ya tafi, ba wanda zai lura. To amma mai wanki ya shiga ofis cike da jama'a da tabo a ƙirji, a ce wane ne wannan, a ce Baba Kumfa ne?

Ya ce da hannun hagu zai yi, kuma bakin aljihun kawai. Ya ɗiga bilic, ya zuba garin sabulu. Hannun hagu ya yi ta shafa tabon kamar yana ba shi haƙuri. Bai san lokacin da na dama ya karɓa ba. Tabon ya fita. Tunda ruwa ya riga ya haɗu, ya bi wuyan rigar, ya bi hannuwan. Yana shanyawa idonsa ya faɗa kan rigunan wani malamin makaranta da ke jiƙe a baho tun jiya, sai ya ga ai ba kyau a bar su suna jira. Jikinsa ya saki, kafaɗunsa suka tuna aikinsu. Ko da Uwar Auta ta dawo da buhun gawayi, igiyoyi sun cika, shi kuma yana tsugune a cikin kumfa har gwiwar hannu yana 'yar waƙa.

Ta ajiye buhun. Ta kira shi da sunansa na yanka, cikakke.

Ya ɗago hannuwansa ya duba. Sun yi fari, sun yamutse, sun yi laushi kamar dafaffen abu.

Duk da haka ya je. Ya bi dogon layin ranar ƙarshe da rigarsa mai ɗaukar ido, wadda ba a taɓa ganin mai tsabtarta a ofishin ba. Ma'aikaciyar ta gane shi. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta ce ko ya ɗan jira hannun ya bushe. Ya jira har aka fara sauke labulen tagogi. Na'urar ba ta canza ra'ayi ba.

Sai a lokacin ya lura da matarsa a tsaye a bayansa. Ashe ta rufe shago ta biyo shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Auta, ba shagonka nake so ba. In yaron nan ya kira ya ji baƙuwar murya, ba zai sake kira ba."

Tun tafiyar Auta ba wanda ya taɓa faɗin wannan a fili. Baba Kumfa ya dubi gilashin, ya dubi yatsansa, sannan ya matsa gefe da kujerarsa.

Ta ɗora sau ɗaya, na'urar ta yi kore. Na'urar ba ta tambaya ko ita ta sayi layin ba, ko ta taɓa riƙe wayar. Ma'aikaciyar ta taya ta murna, ta karanta mata haƙƙoƙinta: layin mallakinta ne ita kaɗai, sirrinta a kiyaye yake, ba wanda ke da ikon amfani da shi sai da izininta. A nan ma'aikaciyar ta ɗan saci kallon Baba. Kafin su kai ƙofa saƙo ya shigo, kamfani yana gode wa Uwar Auta bisa amanar da ta riƙe musu tsawon shekaru.

Baba Kumfa ya koma bakin bahonsa, zanen da ya yi jinya ya bi ruwa. A wurin na'ura har yau babu shi, ko da yake mai karɓar harajin shago yana gane shi daga nesa ba tare da wani gilashi ba. Wayar tana nan a aljihunsa. Uwar Auta takan gaya wa kafinta cewa aro ta ba shi, in ya yi rashin ji za ta karɓe abarta.

Kwanan baya, yana tsakiyar ɗauraya, wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Ya goge hannu a wando, ya kusa yar da ita a baho garin sauri, ya kara a kunne yana sauraro. Muryar wata budurwa ce daga kamfani, tana neman mai layin domin jin ko ta gamsu da hidimarsu. Ya miƙa ta taga. Uwar Auta ta soke wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta ce ta gamsu ƙwarai, ta miƙo masa. Ya duba cajin, ya ga da saura, ya mayar aljihu.