Birki a Kwanar Ƙarshe

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ba Bafulatanin ba, ko da yake shi ma Allah bai hana shi rabonsa ba.

Lekol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, na tsaya daidai inda lissafi ya fara wuya. Amma tuƙi kam na san shi. Na zo Arlit daga Damagaram ina saurayi, na tsufa ina tuƙa injin kwasar dutse a ƙarƙashin ƙasa, a ramin haƙar ma'adinai na Akokan. A can ƙasa doka ɗaya ta fi kowace girma: in ka zo kwana, ka taka birki, ka yi oda, domin ba ka san wanda ke tafe da ƙafa cikin duhun nan ba. Na bi dokar har gemuna ya yi fari, ban taɓa goge ko hular wani ba.

Da aka rufe ramin, sai zama ya gagare ni. In fita ƙofar gida, in dawo. In leƙa kasuwa ba abin saye, in dawo. Na kwance rediyon gida da lafiyarta ƙalau, na mayar, ta daina magana. Ran nan uwar ƴaƴana ta ga ina kewaya keken ɗinkinta, ta ce, "Malam, don girman Allah ka nemi inda za ka riƙa zuwa."

Inda na samu shi ne shagon wani ɗan Maraɗi, Kirista, mutum mai haƙurin jaki. Tele gare shi da benci da injin wasa, da abin nan mai maɓallai da ake riƙewa hannu biyu, manet. Da hantsi yara suna lekol, shago ba kowa, sai mu uku tsofaffin kamfani muka mai da shi majalisa: ni, da wani Buzu na Gugaram da ya yi gadin ƙofa, da Bafulatanin. Shi wannan abokin wasana ne na gado, tunda ni Babarbare ne. Kuma ekip ɗaya, wato rukunin aiki ɗaya, muka yi a ƙasa: ni ina bisa inji, shi yana tafiya da ƙafa da sandar ƙarfe yana ƙwanƙwasa rufin rami, ya ji ko dutse na shirin faɗowa. Bai taɓa tuƙa ko amalanke ba. Bayan saniya ya sani.

Wasanmu tseren mota ne, mutum biyu a lokaci guda. Ƙa'idar majalisa kuwa: wanda aka ci ya miƙa manet, ya koma gaban gawayi ya dafa shayi. Ba sai na tsawaita ba. A shagon nan na zama gwanin shayi.

Kowa da mazhabarsa a wasan. Buzu ba ya ganin girmansa ko kaɗan, ƙwallo ya fi so.

"Wannan mota ƙarya ne," in ji shi. "Ba shi shan esansi, ba shi faci. A kawo shi hanyar Agadas mu ga ƙarfinsa."

Bafulatani ba shi da wata mazhaba sai danna wuta. Tun daga farko ya danne maɓallin ba ya sakewa. Ya bugi bango, ya wuntsila, motar ta miƙe kamar ba a yi ba, yana ta ƙyaƙyata dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa ranar farko abin da na fara tambaya shi ne ina oda.

"Baba, wannan ba ta da oda," in ji mai shago.

"Mota ba oda? Wa ya ba ta takarda?"

To, da babu, sai na riƙa yi da baki. Duk kwana in rage gudu, in ce "fiiim", sannan in shiga. Kullum ni ne na ƙarshe, amma motata takan isa ba ko ƙwarzane. Na kafa musu hujja, ina fifita gawayi: wasa ma tarbiyya ne, wanda ya saba buga bango a tele wata rana zai buga na gaske.

"Bawana, zuba mana shayi," in ji Bafulatani. "Wa'azi sai Juma'a."

"Kai da aka haifa a bayan saniya za ka koya mini tuƙi?"

"Saniyar ma ta fi ka sauri, ga ta da ciki."

Haka muke har ranar da Bafulatani ya zo bai ɗauki manet ba. Ya ce ɗansa ya aiko, ya koma gida can wajen Tawa gaba ɗaya, ran Lahadi zai shiga mota. Mutanen ekip ɗinmu dama sun watse, wasu kudu, wasu ƙiyama. Shi kaɗai ya rage mini. Amma Babarbare ba ya yi wa Bafulatani kuka. Abin da na ce shi ne, "Ba za ka bar garin nan ba sai na ci ka."

Da gaske nake. In ya tafi haka, labarin da zai kai rugarsu ke nan, cewa ya bar direban rami yana dafa masa shayi, kuma ba ranar ramuwa har abada.

Makon nan ban zauna ba. Kafin mai shago ya buɗe ina bakin ƙofa. A gida ina cin tuwo yatsuna suna danna gefen kwano. Mai shago ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Baba, hannunka ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Yatsan nan naka na hagu ne matsala. Ka hana shi taɓa birki, shi ke nan."

Ran Asabar na sa uwar ƴaƴana ta yago mini ƙyalle, ta naɗe yatsan tam, ya miƙe kamar muciya. Ta tambaye ni ko ciwo ne. Na ce maganin Fulani ne.

Muka zauna. Buzu ya karɓi gawayi, ya ce yau dai a ga gaskiya. Aka tashi. Na danne wuta. Kwana ta farko na shige ta ba birki, na ji kamar na yi sata. Ta biyu na gogi bango, na ce astagfirullah, na wuce. Bafulatani yana bayana yana ta bugun duwatsu.

"Kai, Babarbare, wa ya kore ka?"

"Ka bi ƙurata, ɗan Fulani!"

Mai shago ya miƙe tsaye. Buzu ya manta da shayi har ya zube a wuta. Saura kaɗan a isa, sai hanya ta kutsa cikin dutse, tele ta yi duhu, sai ƴan fitilu jere a rufi, ga kwana can gaba. Wallahi har warin jiƙaƙƙen dutse na ji. Yatsan da na ɗaure bai motsa ba, na ba shi shaida. Ƙaninsa na kusa da shi ne ya lallaɓa ya danna birki. Bakina kuma, ba da izinina ba, ya ce "fiiim".

Bafulatani ya wuce ni kamar iska, da ƙofa ɗaya tana lilo.

Shago ya kaure. Buzu har da kwanciya a benci. Na kwance ƙyallen a hankali, na gyara zama, na gyara murya, domin dattijo ko ya faɗi ba ya rasa jawabi.

"Ku yi dariyarku," na ce. "Amma ku gaya mini, da akwai mutum a bayan kwanar nan fa? Kai da kanka, sau nawa na zo kwana na tarar da kai tsaye da sandarka kana kallon sama kamar mai neman wata? Ba don birkin nan ba, da wa zai shiga motar Tawa gobe?"

Bafulatani ya ajiye manet a cinyata. Bai yi dariya ba.

"Na gode, bawana, na kuwa gaya wa ƴaƴana," ya ce. "Amma an rufe ramin nan, kowa ya fito. Kai kaɗai ka rage a ciki kana yi wa duhu oda."