Wadda Aka Kira Inna Juji

Idan aka sallame sallar asuba a unguwarmu da ke bayan kasuwar Gwandu, mata kan koma su ɗan kishingiɗa, maza su tsaya gaisawa a ƙofar masallaci. Inna Hadijatu kuwa sai ta ci ɗamara, ta rataya buhu a kafaɗa, ta ɗauki sandarta mai ƙugiyar ƙarfe a baki, ta fita. Takan fara da kwatar da ta ratsa layinmu. Ta sa ƙugiya ta ciro ledar ruwa, ledar awara, ledar omo, duk abin da mutane suka watsar jiya. Daga nan ta bi rumfunan kasuwa, ta bi gindin ƙaya inda iska ke rataye baƙar leda. Kafin hantsi buhu ya cika.

Ni malamar firamare ce, gidan da nake aure yana kallon nata. Na fi shekara goma sha biyar ina ganin wannan fita. Yanzu ta daina, kuma ba don ta gaji ba. Shi ya sa na zauna in rubuta.

Aikinta bai tsaya a tsintar leda ba. Da hantsi takan shiga gidaje. Ta san gidan da ke zubar da ƙasarin gero a kwata don ba su da dabba, ta san gidan da ke da awaki amma ba su da abin ba su, sai ta haɗa su. Toka, ɓawon albasa, kashin kaji, duk tana da inda take kai su. Idan ta ga tuwon da ya kwana za a zubar, takan tsaya sai ta ga an shanya shi. Da rana kuma ta zauna a inuwar darbejiya ta wanke ledojin da ta tara, ta shanya, ta yayyanka, ta tuƙa igiya. Rabin rijiyoyin unguwarmu da igiyarta ake jan ruwa, don ba ta ruɓewa. Tana yin dabaibayi da gammo da ragaya. Ƙwaryar da ta tsage kuma ba a yar da ita, wurin Inna ake kaiwa ta ɗinke.

Asalinta daga wata ruga ce kusa da Malisa, aure ya kawo ta Gwandu. Da mijinta ya rasu, abin da ya rage mata shi ne ɗanta Atiku da jar saniya ɗaya wadda ta gada daga mahaifinta. Da nonon saniyar nan take ci da kanta da ɗanta. Wata bazara saniyar ta fara rama. Tana zuwa kiwo a bayan Gwandu, cikinta a kumbure, amma ƙashin haƙarƙari na fitowa. An ba ta kanwa, an ba ta magani, nono ya ƙafe. Da aka ga za ta mutu a banza, aka kira Ɗalha mahauci ya yanka.

Ɗalha yana nan da ransa, shi ya ba ni labarin da bakinsa.

"Malama, na daɗe ina fiɗa, amma ban taɓa ganin irin abin ga ba," in ji shi. "Da munka buɗe tumbi, babu ciyawa ciki. Leda ce ta dunƙule wuri guda, baƙa da fara, har da zaren buhu. Sai da na sa hannu biyu kana ta fito. Inna tana tsaye tana kallo, ba ta yi kuka ba. Sai tac ce, 'Ashe da yunwa take, cikinta cike.' Daga nan ta ce in ba ta abin."

Ta wanke dunƙulen nan, ta sa a ƙwarya, ta riƙa shiga da shi gida-gida tana nuna wa mata. Wasu suka kau da kai. Wasu suka yi mata jaje suka koma ga tukunyarsu. Kaɗan suka saurara. Abin da take faɗa ba shi da wuya. "Ɗiyata, in za ki aike sayen waina, ba da kwano. In za ki niƙa, tahi da ƙwarya. Leda guda da ta shigo gidanki, wanke ta, ki sake aiki da ita. Kar ki ƙone, kar ki watsa waje." Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta san ana taro a manyan birane a kan irin wannan magana ba. Ta dai rasa saniyarta, ba ta so wata ta rasa tata.

Inna, ke ce kika sunkuya inda kowa ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Hadijatu ta Malisa, mai hannun da bai san ƙyama ba.

Waɗanda suka fi sanin darajarta ba a Gwandu suke ba. Akwai ɗiyar ƙanwarta, Mubaraka, da ke aure a Dangoma ta ƙasar Kalgo. Gonar mijinta Zayyanu ta gaji, gero ya daina tsawo, takin zamani kuma ya fi ƙarfinsu. Sun gwada kwasar juji zuwa gona kamar yadda ake yi, amma jujin yanzu rabinsa leda ce da fasassun robobi, sai shuka ta tsiro ta shaƙe. Inna ta je ta zauna da su. Ta sa aka haƙa rami a bayan gida. Ta nuna musu su tsince leda tukuna, sannan su riƙa zuba shara da toka da kashin dabbobi, su yayyafa ruwan wanke-wanke, su rufe, su riƙa juyawa lokaci-lokaci. Mubaraka ta gaya mini cewa a damina ta biyu geronsu ya fi na maƙwabta kauri, har mata suka zo daga Wurogauri su ga ramin da idonsu. A can idan Inna ta sauka, ana rige-rigen shimfiɗa mata tabarma.

A nan kuwa, a garin da take sharewa, suna aka sa mata: Inna Juji. Manya ne suka fara, ba yara ba. Matan da ke jan ruwa da igiyarta su ne ke toshe hanci idan ta wuce. A gidan biki akan ba ta abinci a bakin ƙofa. Akwai masu cewa tun mutuwar saniyar kanta ya taɓu.

Abin ya fi ciwo da ya fito daga cikin gida. Atiku ya girma ya zama tela, yana da shago a bakin tasha. Wata rana ina zaune da ita ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe bai tashi ba.

"Inna, don Allah ki bari," ya ce. "Ina iya ci da ke. Ko'ina na zauna sai a ce ga ɗan Inna Juji."

Ta ci gaba da tuƙa igiyarta. Can ta ce, "Atiku, abin da nika ɗauka, ni na yar da shi?"

"A'a, Inna."

"To mi ya sa kunyar ta zo gidanmu, ba ta tahi gidan wanda ya yar ba?"

Ya tashi ya fita.

Bara da rani aka yi abin da ya kawo ƙarshen aikinta. Tana tara wankakkun ledoji a buhuna a wani lungu bayan zanarta, kafin ta tuƙa su. Wasu magidanta na layin sun sha ƙorafi cewa tarin yana ɓata musu unguwa. A lokacin ana shirin biki a wani babban gida, ana jiran baƙi daga Birnin Kebbi. Inna ta je Dangoma, ta dawo da la'asar, ta tarar da baƙin hayaƙi ya turnuƙe lungun. Wani ya cinna wa buhunan wuta. Wutar ta fara lasar zana, bayan zanar kuma awakinta ne a ɗaure, gaba kaɗan ɗakin maƙwabciyarta Jummai. Ba ta jira kowa ba. Ta kutsa cikin hayaƙin ta kwance awakin, ta riƙa jan buhunan da ke narkewa tana nesanta su da ɗakin Jummai. Jummai ce ta fito da ita, a lokacin ta faɗi, numfashi na fita da ƙyar, tafin hannunta ya sale.

Har yau ba wanda ya ce shi ne. A layin da kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa, ba wanda ya ga mai ashana. Aka yi biki lafiya. Washegari filin bikin ya cika da ledar ruwa da robobin abinci, iska ta kwashe su zuwa kwata.

Tun daga ranar tari bai sake ta ba. Atiku ya kai ta asibiti a Birnin Kebbi, likita ya ce huhunta ya taɓu, kada ta ƙara kusantar hayaƙi ko ƙura, kada ta ƙara sunkuya cikin kwata. Ta dawo ta kwanta.

Damina ta faɗi. Ba wanda ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ruwa ke wucewa ta layinmu ba ya tsayawa, sai a wannan daminar. Kwalbatin da ke ƙarshen layi ta toshe da leda. Ruwan sama mai ƙarfi ya sauko, ya rasa hanya, ya koma cikin gidaje. Katanga ta faɗi a gida biyu, hatsi ya jiƙe a rumbu, wata tsohuwa ta rasa tumakinta. Kwana da kwanaki yara na tafiya makaranta cikin ruwa mai wari, ajina ya rage saura rabi saboda zazzaɓi.

A cikin makon ne wasu magidanta suka yi sallama a gidan Inna. Ina nan, na kawo mata kunu. Na ɗauka dubiya suka zo, don tun da ta kwanta ba su leƙo ba. Suka gaisa, suka ce ya jiki. Sai babbansu ya gyara murya.

"Inna, kin ga halin da anka shiga. Kwata ta toshe. Muna tambaya ko jiki ya yi sauƙin da za ki ɗan leƙa, tunda ke kika san wurin."

Tari ya sarƙe ta, na riƙe mata kofi ta kurɓa. Da ta samu numfashi ta nuna da haɓa.

"Sanda tana bayan ƙyaure," ta ce. "Ba ta da nauyi."

Suka dubi juna. Suka yi mata addu'ar samun sauƙi, suka sa takalmansu suka fita. Ba wanda ya duba bayan ƙyauren.

Wannan shi ne godiyar da ta samu. Ba a san tana aiki ba sai ranar da ta kasa, kuma ranar ma ba a zo a ce sannu da ƙoƙari ba, an zo a tambayi yaushe za ta koma.

Ba zan ce ba abin da ya tsira daga hannunta ba. Jummai tana da ramin taki yanzu, tana kuma tuƙa igiya, ko da yake ba ta kai ta Inna ƙarfi ba. Akwai gidaje a layinmu da ba sa aike sai da kwano. Atiku ya daina zubar da ƙyallayen shagonsa, yana tara su yana cusa matasan kai. Bai taɓa cewa don uwarsa yake yi ba, amma ya daina sunkuyar da kai idan aka kira sunan nan a gabansa. Waɗannan kaɗan ne a gari guda, kuma sun zo a makare.

Bayan girbi Mubaraka da Zayyanu suka zo suka tafi da ita Dangoma, inda iska ta fi sauƙi ga ƙirjinta. Atiku ya ɗauki kayanta zuwa tasha. Masu rakiya ba su cika benci ɗaya ba. Na je na gan ta kwanan baya. Tana zaune a tsakar gida, mata uku na kewaye da ita tana nuna musu yadda ake kama bakin ƙwarya da zare. Tana magana kaɗan ta huta. Ta tambaye ni lafiyar kowa a layinmu, har da waɗanda suka zo mata da maganar kwata, ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

Inna Hadijatu, mun gode. Na faɗa a madadin shanun da suka yi kiwo a bayan Gwandu suka dawo lafiya, da gonakin Dangoma, da ɗakin Jummai da bai ƙone ba. Ke ce kika share garin da ya sa miki sunan shararsa. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da abin da mutane suka hana ki, ya sa wahalar nan ta zama nauyi a mizaninki.

Ku kuma da kuke karantawa, ba na roƙon a kira taro a ba ta takardar yabo, ba ta iya zaman taro yanzu. Abin da ta roƙa tun farko shi nake maimaitawa. A ba yaro kwano idan za a aike shi. A haƙa rami a bayan gida. A wanke leda a sake aiki da ita, kada a cinna mata wuta. Magidanci ya fito da shebur ya buɗe kwatar ƙofar gidansa kafin hadari ya haɗu, ba zai rage masa girma ba. Idan kuma akwai mai irin wannan aiki a unguwarku, ku kira shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa, ku gaishe shi tun yana tsaye da ƙafarsa.

Inna ba ta da sauran numfashin da za ta sunkuya domin wani. Abin da kuka watsar yau, gobe ku ne za ku tarar da shi a ƙofar gida.