Baba Diga, Mai Cike Ramin da Ya Haƙa

Kafin masu fararen riguna su iso ɗakin gwaje-gwaje, Baba Diga ya riga ya wanke kwalabe, ya goge digarsa, yana bakin ƙofa yana jiran mota. Aikinsa haƙo ƙasa. Shi ke bin gonaki da bakin rafi ya ɗebo ta, masana kuma su tantance ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinta, waɗanda ido ba ya gani, su ce wannan dangin wancan ne, wannan kuwa baƙo ne. Sunansu ke fita a mujallu, shi ciwon baya ne rabonsa, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Yana da wani hali da direbobi suka gaji da yi wa tsaki. Ba ya sara gonar mutum sai ya nemo mai ita sun gaisa, ba ya kuma tafiya sai ya mayar da ƙasa cikin ramin, ya daddaɓe da ƙafa. In direba ya ce, "Haba Baba, rana tana yi!" sai ya ce, "Yi haƙuri ɗana, dabbar wani ce za ta karye."

Bara aka ga ranar wannan hali. Wata Dakta ta gano ƙwayar da ba a taɓa sani ba, sai firji ya lalace ana hutu, duk ƙwayoyin da take reno suka mutu. Ba ƙwaya, ba hujja, wahalar shekaru tana shirin tashi a banza. Dole a koma gonar da aka samo ta. Mai gonar kuwa ya rantse ba wanda zai sake taka masa shuka, don wasu masu bincike sun bar masa ramuka har san nomansa ya gurɗe ƙafa. Dakta ta je da kanta, ya kore ta, ta dawo idanu jajur.

Baba ya ce, "Ranki ya daɗe, share hawayenki. Mu koma tare."

Da suka isa, mai gonar yana ganin Baba ya jingine sanda. "Af, kai ne? Mai cike rami? Kai kam shiga. Ita ma ta shiga, don kai."

A hanyar dawowa Dakta tana rungume da kwalba, tana dariya da hawaye. "Baba, yau na yarda, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko." Ƙwayar ta sake tsira, an raɗa mata suna, an sa ta cikin danginta.

Watan nan gwiwoyi sun ce ya isa, Baba zai huta. Baba, kai ne ka sa manoma suka daina ganinmu, mu masu bincike, a matsayin masu ɓarna, gatan mai bincike. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka ci moriyar hutunka. Masu tasowa kuwa, gonakin da za ku shiga gobe ba ku kuka buɗe su ba. Kada a rufe su a hannunku.