Gwaggo Tumba da Ɓarawon Ƙwai

Duk wadda ta taɓa kai ɗanta raino gidan Gwaggo Tumba a Wurno ta san ba a shiga gidan nan sai an bi ta kwastan. Tun da sassafe tana bakin zaure, zaune bisa turmin da ta kife, tana jiranmu, mu malaman makaranta da matan asibiti. Gaisuwarka ma ba ta amsawa sai ta zazzage jakar yaro. Biskit, alawa, cingam, duk ta ware su gefe. Sannan ta ɗago kai ta ce, "To, yanzu ina kwana."

Abin da ta ƙwace kuwa akuyarta ke cinyewa. Kun dai tuna akuyar nan, wadda sai ta karkace take wuce ƙofa. Wata rana Malama Rabi, abokiyar aikina, ta gaji ta ce, "Gwaggo, kullum kina zagin biskit, ga akuyarki nan ta yi ƙiba da shi!"

Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba. "To ki haihi akuya ki kawo mani, in riƙa ba ta."

Ni kuwa, Gwaggo ƙanwar babana ce, shi ya sa na fi kowa shan faɗanta. Ba ta yi boko ba, amma jadawalin abincinta ya fi na makarantarmu tsari. Ƙoƙo biyar ta jera bisa kanta, kowace rana da nata, kowanne da ɗan samfurin abin da za a dafa. Yau gero da gyaɗa, gobe wake da zogale da ɗan manja, jibi faten kabewa da garin kifi. Ƙwai sai ranar Juma'a, shi ma rabi-rabi, don ƙwan kajin Gwaggo ko kai ne hakimi ba ka taɓa shi. In ka taɓa ƙoƙon nan kuwa ka taɓa faɗa. In uwa ta ce ai tuwo ya isa, sai ta ce, "Cikin yaro ba rumbu ba na, da za a ɗura mishi hatsi a rufe." In ta ga kwano babu ganye babu ja, sai ta taɓe baki. "Fari zalla sai rigar liman."

Ga tsimi, wayyo Allah! Ranar kasuwar Goronyo takan shiga mota ta tafi sayen busasshen kifi, amma ba ta taɓa sayen kifi mai kai da wutsiya ba. Gutsattsarin da ke ƙasan kwando take sa a kwashe mata, ta zo ta daka. Mai kifin ya taɓa ce mata, "Hajiya, wanga ai na kyanwa na."

Ta ce, "Auna dai. Kyanwowina goma sha ɗaya na, kuma duk Gwaggo suka ce mani."

Dariya muke yi mata, ni ma har da ni, sai da abu ya zo kan ɗana Nasiru. Bayan yaye zawo ya kama shi, ya rame, gashinsa ya yi ja. Yaron da ya fara takawa sai ya koma zaune, ko rarrafe ya daina. Ni kuma kunu zalla nake ɗura masa da biskit a ɓoye, don shi kaɗai yake karɓa. Surukata Inna Hajo, daga Rara, ta aiko cewa haƙori ne, zai wuce. Na yarda, don abin da nake son ji ke nan.

Ranar da hutu ya ƙare na kai shi gidan Gwaggo, ba ta ko taɓa jakar ba. Ta karɓe shi, ta ɗaga rigarsa, ta duba haƙarƙarinsa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba. Ta ciro zare daga lefenta, ta zagaya damtsensa, ta ƙulla daidai inda ya haɗu.

"Tahi da shi asibiti yanzu."

"Gwaggo, ina da aji."

"Ajin ya jira. Ɗiyan mutane ba su mutuwa don ba a koya musu lissahi yau ba."

A asibiti aka ce tamowa ce ta fara kama shi. Suka ba mu magani, suka ce a gyara masa abinci, a riƙa dawo da shi awo. Da kuka na fito. Wallahi na ɗauka rasa shi zan yi.

Daga ranar Gwaggo ta karya dokarta da hannunta. Nasiru kullum ƙwai guda, dafaffe, a murtsuke cikin fate, ban da abin da ke ƙoƙon ranar. In ya kau da kai ta bi shi, in ya tofar ta sake. Sai ta yi awa guda kan kwano ɗaya tana yi masa waƙa da muryar nan tata mai korar kaji.

Kafin sati biyu labari ya kai Rara. Sai ga Inna Hajo bisa babur, ko sallama ba ta gama ba.

"Tumba! Mi nika ji? Ƙwai kika ba jikana? Ɓarawo kika so ya tashi?"

Kun san yadda iyayenmu sunka ɗauki abin: yaron da ya saba da ƙwai, wai hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Gwaggo ta ci gaba da ɓare ƙwanta.

"Hajo, kaf Rara akwai mai ba yaro ƙwai?"

"Allah shi kiyaye! Babu."

"To bara da anka kwance miki tumaki biyu, ɓarayin daga ina sunka hito?"

Inna Hajo ta ja tsaki. Sai ta juyo kaina. "Ke kuma kin yi tsit?" Ni dai ƙasa nake kallo, ga suruka ga gwaggo, ina zan sa kaina? Gwaggo ta ce, "Bar ta, kunyarki taka ji. Ni kuwa ban da ita. In ya yi sata a zo a kama ni." Ta tura wa Nasiru loma a gabanta.

Kowace Juma'a sai ta ɗauko zaren nan. Sati na farko ƙulli bai motsa ba, na biyu ma haka, ni kuwa ko abinci ba na iya ci. A na uku ta ɗan ja zaren kafin ya haɗu, ta ce, "Uhm." Daga Gwaggo, "uhm" kyauta ce babba. Ranar da zaren ya ƙi haɗuwa gaba ɗaya, ta miƙo mini shi ta ce, "Zarenga ya lalace, ya yi gajere." Washegari a asibiti aka ce Nasiru ya fita haɗari. Na zauna bisa benci ina ta alhamdulillahi kamar ban san wata kalma ba.

Da Sallah munka tafi Rara, Gwaggo ta ce za ta raka mu ta gaida Hajo. Gaisuwa? Aikinta za ta nuna! Muna zaune tsakar gida sai munka ji kaza ta ɓarke da kuka. Sai ga Nasiru ya fito daga bayan akurki da ƙwai a hannu, kaza na bin sa.

Inna Hajo ta miƙe tsaye tana tafa hannu. "Kun gani! Mi nic ce muku? Ɓarawo! Tumba, ga aikinki!"

Gwaggo ta ce a hankali, "Hajo, dube shi dai. Gudu shika yi."

Inna Hajo ta dube shi. Yaron da ta bari zaune ko wuya ba ya iya riƙewa, shi ne ke zagaye rumbu da gudu yana ƙyalƙyala dariya. Ta daɗe tana kallo, ta sa bakin zane ta share ido. Sannan ta tare shi ta karɓi ƙwan.

"A dafa mishi, kar ya sha ɗanye. Amma ku shaida, ba ni na ba shi ba. Shi ya ɗauka."

Damanar bara Gwaggo ta rasu. Da munka buɗe lefenta sai munka tarar da zaruruwa cunkus, kowanne da ƙullinsa da ɗan ƙyalle a jela. Ita kaɗai ta san na wane da na wance. Na Nasiru na gane shi, don ƙyallen na tsohon zanena ne. Na gwada shi a hannuna, yatsu uku kawai ya zagaye. Mai zaren kuwa yana waje yana buga ƙwallo.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tumba, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Yadda ta bi ɗiyanmu da loma har sunka tashi, Allah ya ciyar da ita daga abincin Aljanna. Amin.