Ƙafar Kofur

Kada sunan ya ruɗe ku, Kofur ko igiya ɗaya bai taɓa ɗaurawa ba. Yaron mai faci ne a bakin tasha. Wata rana ya ɗura wa tayar babbar mota iska har ta fashe, ya hango maigidansa ya ɗauko ƙarfen taya, sai ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Bai tsaya ba sai a layin ɗaukar soja, ko gemu bai fara ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

A fagen daga aikinsa ɗebo ruwa da hura wuta. Ran da ya taka nakiya ma kazar wani hafsa yake bi. Direban motar abinci ne ya saɓa shi a kafaɗa har asibiti, inda ya farka ya tarar ƙafar hagu ta yi sallama daga gwiwa. Ya yi kuka har ya gode Allah. Daga baya ya lura duk wanda ya ga dungun sai ya sassauta murya ya miƙo kujera, kuma Kofur ba wawa ba ne.

Da yaƙi ya ƙare 'yan siyasa suka tsince shi. Jawabinsa ɗaya ne tal. Ya hau dandamali, ya zauna, ya kwance ƙafar roba, ya ɗaga ta sama, ya tambayi jama'a su kuma me suka ba ƙasa. Kazar nan tuni ta zama tankar yaƙi a bakinsa. Ya ci kansila, ya haye majalisa, inda yake buga ƙafar a tebur in gardama ta fi ƙarfinsa. Kowane zaɓe sai ya yi alkawarin gina wa tsofaffin sojoji wurin haɗa ƙafafu, amma ko bulo ɗaya ba a gani ba. Yayarsa ta sha gaya masa ƙafa ta takawa ce, shi kuwa ya ce Yaya ba ta san siyasa ba.

Zaɓe na uku ya zo da zafi, don wani matashi mai kantin magani ya tasa kujerar a gaba, kuma Kofur ya tsorata ƙwarai. Ya tara gari a filin ƙwallo, ya kwance ƙafar, ya ɗaga. Kafin tafi ya lafa wani tsoho ya ratso mutane da sandunan guragu. Direban motar abincin nan ne. Shi ma ya bar ƙafar hagu a yaƙin, ya yi ta sintiri zuwa ofishin Kofur ana ce masa oga yana taro.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "tunda ɗagawa kawai kake yi da ita, ara mini in taka zuwa gida."

Hanawa faɗuwa ce, bayarwa ma haka. Kofur ya dubi kafaɗar da ta taɓa ɗaukarsa, kunya ta rufe shi, ya miƙa.

Abin haushi, ta zauna wa tsohon daram. Ya ɗaure maɗaurin, ya jingina sandunansa a jikin kujerar Kofur, ya juya yana takawa a hankali. Jama'a suka bi shi da kallo, sannan suka bi shi da ƙafa. Yaya ce kaɗai ta rage, ita ta miƙa wa ƙanenta sandunan.