Kuka Uku a Gonar Aro

Sunan mijina Maikano. Shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa kiransa da shi ba, Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce izu biyu ba. Yanzu yaran lakwal, wato makarantar boko, na garinmu suna rera sunan nan da ƙarfi duk ranar Alhamis, don yana cikin wata waƙa da ake koya musu. Ina jinsu daga tsakar gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da waƙar ta faɗa da abin da ta jawo mana, da ɗan rubutun da na koya wajen yaƙi da jahilci.

Garinmu bisa tudu yake, tsakanin Badagishiri da Illela. Masu gona cikin kwari su ne masu ci su ƙoshi, mu na bisa sai abin da dutse ya bari. Malam bai gaji abin kirki ba. Su bakwai ne maza, gona ɗaya, da anka raba rabonsa ba ya ciyar da mu wata biyu. Shekarar da na haifi Sakina ya tafi wurin wani dattijo, Attahiru, ya roƙi aron wani fili nasa da ke yamma da gari. Fako ne, ƙasa ja mai tauri, ruwa in ya faɗi sai ya gudu ya bar ta yadda ya same ta. Ko akuya ba ta tsayawa wurin.

Attahiru ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Maikano, duwatsu za ka noma? Tafi, na ara maka. In sun yi zangarniya ka kawo mini in gani."

Aron gona a wajenmu yana da ƙa'ida, kowa ya san ta. Kowace kaka kana kai wa mai gona dami ɗaya na hatsi, ko kaɗan ka samu, don mutane su gani su san ta wa ce. Ba ka gina rijiya ciki. Ba ka yin ɗaki. Kuma ba ka dasa itace, don itace yana daɗewa fiye da mutum, wanda ya dasa kamar ya ce ƙasar tasa ce. Wanda ya fito da kansa ba laifi, Allah ne ya shuka.

Malam ya ɗauki diga da rani, lokacin da tsaransa ke tsallaka iyaka cin rani. Aikin da ake kira tassa ya yi: ka tona rami kamar faɗin ƙwarya, ka tara ƙasar ta gefen gangara, ka zuba taki tafi biyu, ka yi taku ɗaya ka tona wani. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya faɗi ya zauna maimakon ya gudu. Faɗi ne da sauƙi. Diga tana dukan wurin nan tana fitar da wuta. Takin kuwa yana bin makiyaya yana musanya musu da kara, ya kwaso bisa jakin aro. Hannunsa ya tsattsage har ruwan alwala yana sa shi cije leɓe. Ni nake shafa masa man shanu. Daga baya yatsunsa sunka ƙi naɗewa sosai, carbi ba ya tafiya a hannunsa, sai ya koma lissafin tasbihi da gaɓoɓi.

Shekarar farko dami bakwai ya samu. Ya zaɓi mafi kyau ya ɗora a ka ya kai wa Attahiru, ya ce, "Baba, ga duwatsunka." Shekara ta goma sai da munka gina rumbu na biyu. Gawo ya tsiro cikin ramuka daga kashin awaki, yana kare shi da ƙaya. Mutane daga wasu garuruwa suna zuwa kallo, su tsuguna su auna ramin da hannu.

Kuka kuwa ni na ja. Ina so a san wannan. Na gaji da sayen garin kuka a kasuwar Badagishiri, rabi ganye rabi ƙasa. Na ce ya dasa mini ko uku a bakin gona. Ya ce, "Ke, gonar aro ce." Na bari, na sake tayarwa da wata damina. Na ce, "Shekara goma sha biyu kana zuba jininka wurin nan, ganyen miya ne zai gagara?" Da na dame shi ya tafi wurin Attahiru. Ya same shi shi kaɗai a gindin bangon masallaci bayan azahar. Tsohon ya ce, "Dasa mana. In ta yi ganye a tuna da tukunyata." Malam ya dawo yana murna, ya dasa. Bai ce bari in kira mutum biyu su ji ba. Kunya ta hana shi, wai ya za a yi ka kira shaidu kan maganar dattijo kamar ba ka yarda da shi ba.

Attahiru ya rasu bayan shekara shida. Malam ya ci gaba da kai dami gidansa. Babban ɗansa Hamza yana tuƙa motar siminti a Malbaza, ba ya zuwa gari sai da salla, uwarsa ke karɓa.

Sannan anka kawo mana sabon malamin lakwal, Mushe Saminu. Mushe daga Faransanci ne, haka muke kiran malaman lakwal. Ɗan cikin garin Konni ne, ubansa tela. Yaro mai ladabi, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Yana zuwa gona da yamma ya zauna bisa jerin duwatsun da Malam ya yi don tare ruwa, yana tambaya yana rubutu. Malam yana ce masa, "Mushe, ajiye biron nan ka kama diga, ka ji waƙar da take yi." Ya kama sau ɗaya, rami biyu ya tona hannunsa ya yi ruwa. Malam ya yi kwana uku yana ba da labarin.

Da anka shirya taron manoma a Illela, Mushe ya karanta waƙarsa gaban manya. Gidan rediyo ya ɗauka ya yi ta maimaitawa. Na haddace ta kaf. Farkonta:

Fako ya rantse ba shi haihuwa,
Maikano ya yi mai bakin shan ruwa.
Rami dubu, kowane da tafin taki,
Guminsa ya riga damina zuwa.

Wannan gaskiya ne, kuma ya faɗe shi da kyau. Ni da na ga ramukan shekara da shekaru ban taɓa ganin baki ne ba sai da ya faɗa. Tun daga ranar in na dubi gona bayan ruwa sai in ga bakuna a buɗe suna sha. Baitin gumi kuwa duk lokacin da na ji shi sai rigarsa ta faɗo mini a rai, yadda gishiri ke yi mata farin zane a baya. Ranar da munka fara ji a rediyo Malam yana cin tuwo. Ya tsaya da loma a hannu, ya ce, "Rami dubu? Wanga yaro bai iya lissafi ba, dubu ai aikin sati uku ne." Amma ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Akwai wurin da Mushe ya ce manomi ba shi da ubangida sai Allah. Wannan kam ban yarda da shi ba, don na san inda dami ɗaya ke zuwa kowace kaka. Sai kuma ƙarshenta:

Kuka uku ya dasa da hannu nasa,
A gonarsa, don jikoki su sha inuwa.

Wata rana da anka maimaita ta, da anka zo nan maƙwabcinmu Ado, wanda rediyon nasa ne, ya dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Mushe ɗan tela ne. Ya ga kuka ya tambaya wa ya dasa, anka faɗa masa, ya ga abin yabo ne. Bai san cewa a wajenmu ya tsaya gaban duniya ya ce Maikano ya ci gonar marayu ba, har yana shirin bar wa jikoki.

Hamza ya ji ta a tashar manyan motoci a Malbaza. An ce abokan aikinsa sunka sa shi gaba, suna ce masa, "Alhaji Hamza, ashe ubanka ya bar maka ƙane ba ka sani ba? Ka je ka gaida mai gona, ƙila ya ba ka ganyen miya." Ranar Juma'a sai ga shi a gari, bai ko sauka gidan uwarsa ba, ya wuce wurin maigari.

Na tsaya bayan zana ina ji. Maigari ya tambayi Malam, "Gonar wa ce?" Ya ce, "Ta Attahiru ce, ranka shi daɗe, yanzu ta 'ya'yansa." Ya ce, "Ka taɓa fasa dami?" Ya ce, "Shekara ashirin da biyu, ko ɗaya." Mutane sunka ce haka ne.

"Kukar fa? Ita ta fito, ko kai ka dasa?"

Ado ya yi tari. Na san abin da tarin ke nufi, kowa ya sani. Da Malam ya ce da kanta ta fito, ba wanda zai tashi ya ƙaryata shi, duk garin suna tare da shi. Ya ce, "Ni na dasa. Baba Attahiru ya ba ni izini."

Hamza ya ce, "Gaban wa?"

"Mu biyu ne."

"To, a tono shi a tambaye shi mana, tun da tono ne sana'arka."

Dattawa sunka tsawata masa. Maigari ya ce ga mafita: Maikano ya ɗora hannu bisa Alƙur'ani ya rantse an ba shi izini, aro ya ci gaba yadda yake. Hamza ya yarda, don ya san abin da ni ma na sani. Malam bai taɓa rantsuwa da Littafi ba, yana ganin wanda ya yi haka don abin duniya, ko yana da gaskiya, ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ya ɗora wa zuriyarsa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, na faɗi gaskiya. Amma ba ni taɓa Littafin Allah kan ƙasar da ba tawa ba."

Maigari ya yanke cewa gona ta koma, amma saboda takin da ke cikinta Malam ya ci damina biyu kafin ya fita.

Ina tsoron Allah, kuma na san abin da ya guje wa. Duk da haka da ya shigo gida ban kawo masa ruwa ba. Na ce, "Gaskiya ce fa za ka rantse a kai. Gaskiya!" Ya ce, "Na sani." Na ce, "To mi za mu ci?" Ya ce, "Abin da munka ci kafin ta." Na ce, "Kafin ta kana da ƙarfi."

Mushe Saminu ya zo yana hawaye, ya ce zai je rediyo ya gyara baitin. Malam ya ce, "Mi za ka gyara, Mushe? Uku ne, kuma ni na dasa. Bar waƙarka, ta yi daɗi." Da shekara ta zagayo anka mai da Mushe wani gari. Waƙar ta zauna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rani na ƙarshe. Wanda zai bar gona ba ya ƙara zuba mata komai, yana tsotse abin da ya rage ya tafi, haka kowa ke yi kuma ba mai zarginsa. Malam kuwa ya sake yashe ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya gyara jerin duwatsu, ya zuba taki wanda amfaninsa sai shekarar da ba tamu ba. Na ce, "Wa kake yi wa? Hamza?" Ya ce, "In na bar su sunka cike, shekara biyu wurin ya mutu. Ba ni iya gani." Na ce, "Ai ba a ce ka je ka gani ba." Ya ɗauki diga.

Bayan kaka ya kai dami na ƙarshe, ya fita. Munka koma kan ɗan rabon gadonsa, sauran kwanaki yana ƙodago, yana tona wa mutane tassa. Hamza ya sa wasu sunka noma masa gonar, ba su san kanta ba, hatsin ya yi rabi. Da rani ya aiko Ado, wai a nemo masa wanda ya iya yashe ramuka, za a biya shi kamar kowane ɗan ƙodago. Ado ya kasa faɗa, sai da Malam ya ce, "Faɗi mana, ni yake nufi." Ya ce zai je.

Na ce wallahi in ya je, ba ni kai masa fura wurin nan. Ni na rantse, ni da ba a nema ba. Ya ce, "To." Kwana goma sha tara ya yi yana fita da safe da butar ruwa kawai, yana dawowa da la'asar sakaliya, ya ci abin da na ajiye, ya ce an gode. Kowace rana ina dama furar, in rufe ta da faifai, in zauna ina kallon ƙwaryar. Sakina tana gidan mijinta a Illela, ba wanda zan aika, kuma ban so in aika ba. Ina jira ya ce in kawo, in yi kaffara in kai. Bai ce ba.

Ya gama aikin, tari ya kama shi. Ya rasu kafin ruwan farko, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Hamza ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, na sa anka kai masallaci. An ce shekarar nan gonar ta yi hatsin da ba ta taɓa yi ba. Ban je na gani ba.