Maruƙan da Aka Haifa a Ƙetaren Kogi

Duk mai shiga Kasuwar Shanu ta Maiduguri ya san Saleh Jidda, dogon mutumin nan ɗan Shuwa da ke sayar wa mahauta bijimai. A ruga aka haife shi, can gabas wajen Ngala, ya tashi da sanda a kafaɗa. Da jeji ya ƙi zaunuwa sai ya shigo gari, ya kama gida a unguwar Fezzan, ya auri Hussainatu, ya koma dillancin dabbobi. Shanun mutane kan bi ta hannunsa kullum ba ya waiwayensu. Amma akwai wasu jajayen shanu da ya bar wa makiyayi kusa da iyaka, ragowar garken mahaifinsa. Su ba na sayarwa ba ne. Ya san kowace da sunanta, ya san uwarta da kakarta.

Wata shekara 'yan bindiga suka kore su gaba ɗaya, suka tsallaka da su kogin da ya raba Najeriya da Kamaru. Saleh ya yi Inna lillahi, ya haƙura. Can sai labari ya zo cewa sojojin ƙetare sun ƙwato wasu shanu sun tsare su a wani shinge. Ya hau mota ya je, ya tsaya a bakin kogi. Rani ne, ruwan bai kai gwiwa ba. Ya ɗaga murya ya kira, "Hamra!" Tsohuwar saniyar ta ɗago kai ta amsa.

Ya tattare wando zai shiga ruwa, Dzarma ya riƙe shi. Dzarma likitan dabbobi ne, mutumin Biu, kuma yana cikin kwamitin haɗin gwiwa da gwamnatocin biyu suka kafa domin irin wannan magana.

"Malam Saleh, kada ka ɓata mana aiki. Yanzu akwai tsari. Kwamiti zai zauna, a miƙa maka kayanka da rana tsaka."

"Yaushe?"

"Ba da daɗewa ba."

Zaman farko bai yiwu ba saboda ana zaɓe a wancan ɓangaren. Na biyu ya rushe saboda an sauya wa shugaban wannan ɓangaren wurin aiki. A na uku sun haɗu, suka ƙare yini suna gardamar wa zai zauna a kujerar tsakiya. Daga nan damina ta sauka, hanya ta yanke. Duk lokacin da Dzarma ya shigo kasuwa duba dabbobi, Saleh kan tare shi a gaban mutane.

"Likita, tambaya ɗaya. Ɓarayin da suka kore shanuna, wane taro suka jira?"

"Kai dai ba ka da haƙuri, Shuwa."

"Su ba su da tuta, ba su da tafinta, amma sun fi ku fahimtar juna. Na nan ya sata, na can ya karɓa, ko shayi ba su tsaya sha ba!"

Sai da wani ranin ya zagayo aka sa ranar miƙawa. An kafa rumfuna a bakin gada, an jera tutoci, an kawo masu ɗaukar hoto. Manya suka yi ta jawabi da Turanci da Faransanci a kan zaman lafiya da dimokuraɗiyya da arzikin yankin Tafkin Chadi, Saleh yana tsaye cikin rana da babbar rigarsa ta Juma'a. Da aka gama aka koro shanun. Sun rame, ƙashin haƙarƙari a waje, amma su ne. Sai dai suna isowa gada suka ƙi hawa. Suna juyawa baya suna kuka, daga cikin shingen kuma ƙananan muryoyi suna amsawa. Wasunsu sun haihu a tsare.

"A kwance maruƙan mana," in ji Saleh.

Tafinta ya yi magana da wani jami'i, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce yarjejeniya ta ce a mayar da abin da aka sata. Maruƙan ba a sace su ba, a ƙasar can aka haife su, saboda haka fitar da su magana ce daban, sai kwamiti ya sake zama.

Saleh ya dubi Dzarma. "Likita, kai ka yi karatun dabba. Faɗa musu abin da ke samun maraƙin da aka raba da nono."

Dzarma ya sunkuyar da kai. "Na faɗa musu tun jiya. Ka karɓi iyayen dai, Malam Saleh. In ka ƙi yau, ban san ranar da za a sake buɗe maganar ba."

"In tafi da su suna kuka har Maiduguri, 'ya'yansu su mutu a ɗaure, ku kuma ku tafa? Wallahi ba da hannuna ba."

A cikin 'yan kallo na wancan ɓangaren akwai Habib, ɗan kawunsa, wanda gidansu ya faɗa cikin Kamaru tun kafin a haife su. Saleh ya ƙwala masa kira da Larabcin Shuwa, ya ce, "Shanun nan nawa ne, kowa ya shaida. Na ba ka amanarsu. Mayar da su wurin 'ya'yansu." Jami'ai suka dubi juna, babu wanda ya samo dokar da ta hana. Wani mai hoto ya roƙi Saleh ya riƙe igiya ko sau ɗaya a ɗauka. Saleh ya ce ya je ya ɗauki tutocin, su ne suka ƙoshi.

Ya dawo Fezzan hannu wofi. Hussainatu ta dube shi daga ƙofa, ta kawo masa ruwa.

Har yanzu yana Kasuwar Shanu, yana sayar da dabbobin wasu. Shanun mahaifinsa suna hannun Habib, sun murmure. Kwamitin bai zauna a kan maruƙan ba tukuna. Kwanan baya Habib ya bugo waya ya ce babbar cikin maruƙan ta zama karsana, har ta ɗauki ciki. Saleh ya aika a gaya wa Dzarma su ƙara kujeru, jikoki na tafe.